Taliya a Kwanar Dangora

Kwanar Dangora ba ta barci da wuri. Motocin Zariya na tsayawa, na Tudun Wada na lodi, haka ma na Doguwa don su ratsa dajin Falgore da sauran rana, kowane mai shayi kuma da kaskonsa a kan wuta. A da burodi da ƙwai ne abin teburin. Yau katan-katan ɗin Indomie sun rufe gwangwanayen madara.

Ba na ganin laifin mai shayi. Wannan taliya 'yar Indonesiya, da ta shigo Najeriya a 1988, tun a masana'anta ake turara ta a soya ta, shi ya sa tafasa ɗaya ta ishe ta. Ya tsane ruwan, ya watsa attaruhu da albasa, ya fasa ƙwai, direba ya ci ya wuce. Supageti sai ta ci gawayi kafin ta yi laushi. Mutanen Sin da Tailan suna da ta garin shinkafa, wadda jiƙa ta ake yi a jefa a kasko. Duk shinkafar da ake lodi daga Tudun Wada, ba ka ganin irin wannan taliya a nan.

Ni 'yar murji na zo nema. Can bayan 'yan tumatir na sami wata dattijuwa da farantinta. Fulawa, gishiri da ruwa, ta murza a inji, ta shanya a igiya har ta bushe, sannan ta dafa. Ba ta son suya, sai ta cakuɗe. Nata manja ne da yajin ƙuli, sai ɗan yankan albasa.

"Inna, a rage mini."

"Albarka, ɗan nan. Je ka tambayo kuɗin kwanon fulawa, ka dawo mu yi magana."

Gaskiyarta. Alkamar nan yawancinta daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira ta faɗi, fulawa ta yi tashin gwauron zabi. Ga masu karɓar haraji, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba, sai sun yanka mata rasit. Ta ce 'yan matan da ke taya ta murji duk sun watse, yaran makaranta ma ta leda suke so.

Na biya yadda ta faɗa, ta kuma yi mini gyara har da ƙarin yaji. Ta kamfani ta fi ta sauri, amma ba ta kai ta riƙe ciki ba. In hanya ta biyo da kai Kwanar Dangora, ka nemi mai 'yar murji, kada kuma ka taya mata da wulaƙanci.