Coci a Rufe, Ikilisiya a Gida: Sujadar Kiristocin Arewa a Lokacin Kullen Korona

Gabatarwa

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare, Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja, Jihar Kaduna kuma ta kafa tata dokar zaman gida tun ranar 26 ga watan. Kano ta bi sahu a watan Afrilu. Da masallatai da coci-coci duk dokar ta shafe su. Wannan maƙala ta dubi yadda Kiristoci masu sujada da Hausa suka ci gaba da ibada a wannan hali, domin a ga ɓangarorin ibadar da suka iya ƙaura zuwa gida da waɗanda suka gagara.

Coci, majami'a da ikilisiya

Bahaushen Kirista yana da kalmomi uku da a kullum akan musanya su. Coci aro ce daga Ingilishi. Majami'a ta fito daga tushen Larabci mai ma'anar tarawa, tana nufin wurin da ake haɗuwa. Ikilisiya kuwa asalinta Girkanci ne, kuma jama'ar masu bi take nufi. Kafin annoba bambancin bai dami kowa ba, tun da jama'ar da ginin suna haɗuwa duk ranar Lahadi. Da aka sa wa ƙofa kwaɗo, sai bambancin ya zama abin wa'azi: majami'a ce aka rufe, ikilisiya tana nan a gidaje. Masu wannan ra'ayi sun kafa hujja da Kiristocin farko waɗanda suka riƙa taruwa a gidajen mutane, kamar gidan Akila da Biriskila da aka ambata a Romawa sura 16, sun kuma jawo sura ta 13 mai koyar da biyayya ga mahukunta. Waɗanda ba su gamsu ba sun riƙe Ibraniyawa 10:25, inda aka yi gargaɗi game da barin taruwa, suna tambayar dalilin da zai sa a buɗe kasuwa wasu ranaku a bar ɗakin ibada a rufe.

Abin da ya ƙaura cikin sauƙi

Wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki da waƙa su ne suka fi saurin samun sabon mazauni. A gidaje da yawa maigida ko uwargida suka zama masu jagorancin sujada: a rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi, a karanta nassi, a yi addu'a. Addu'ar safe ta iyali da ma tsohuwar al'ada ce, don haka ba a fara daga babu ba. Manyan coci-coci na birane sun koma Facebook da YouTube, wasu fastoci suka riƙa naɗar gajeren wa'azi suna turawa ta WhatsApp, wasu suka sayi fili a gidajen rediyo.

Sai dai wannan hanya ba ta isa ga kowa daidai ba. A yawancin coci-cocin birni akwai sujadar Ingilishi da sujadar Hausa, kuma masu zuwa ta Hausa galibi dattawa ne da mata da 'yan ƙwadago da mutanen da suka taso daga karkara. Su ne kuma suka fi ƙarancin babbar waya da kuɗin data da wutar caji. Ke nan intanet ta fi amfanar waɗanda da ma suke da hali, rediyo ce ta zama gatan sauran. Wannan lamari ya shafi ɗarikoki irin su ECWA da COCIN masu hedikwata a Jos, da EYN mai hedikwata a Kwarhi ta Jihar Adamawa, domin ɗimbin majami'unsu na ƙauye ne, kuma Hausa ce ke haɗa ƙabilu mabambanta a cikinsu.

Abin da ya gagara

Jibin Ubangiji ne babban misali. Gurasa da ƙoƙo abubuwa ne da ake karɓa da hannu da baki, ba a aika su ta waya. A ɗarikar Katolika sai firist ne ke iya tsarkake su, saboda haka limamai suka riƙa yin hadaya a majami'u babu jama'a, mabiya kuma aka koya musu addu'ar tarayya ta ruhu. Hoton Fafaroma Francis shi kaɗai a dandalin Bitrus Mai Tsarki ranar 27 ga Maris 2020 ya nuna cewa matsalar ta game duniya. Bikin Ista, mafi girma a kalandar Kirista, ya faɗo ranar 12 ga Afrilu, aka yi shi a tsakar gida a wurare da dama.

Na biyu shi ne zumunci. Zumuntar Mata da ƙungiyar mawaƙa da makarantar Lahadi da ziyarar marasa lafiya duk sun dogara ne ga haɗuwa ido da ido. Jana'iza, wadda a al'ada takan tara gari guda, ta koma ta 'yan mutane ƙalilan, an ɗage aure da baftisma da yawa.

Na uku shi ne tattalin ikilisiya. Baiko da zakka ana ba da su ne a cikin sujada, kuma daga nan ake biyan fasto da taimakon gwauraye da marayu. Cocin birni na iya sanar da lambar asusun banki, amma ƙaramar majami'ar ƙauye ba ta da wannan dama. Kuɗin shiga ya ragu daidai lokacin da mabuƙata suka ƙaru, domin mai neman na yau da kullum ba ya fita.

Komawa majami'a

A farkon watan Yuni 2020 kwamitin shugaban ƙasa kan korona, ƙarƙashin Boss Mustapha, ya sassauta haramcin taron ibada, aka bar wa jihohi su tsara yadda za a yi. An koma bisa sharuɗɗa: takunkumin fuska, wanke hannu a bakin ƙofa, tazara a kan benci, gajarta lokaci, da barin musabaha. Wasu coci-coci sun raba sujada gida biyu ko uku don rage cunkoso.

Kammalawa

Kullen 2020 ya nuna cewa saƙon ibada yana iya tafiya ta na'ura, amma cin jibi tare da ziyara da ɗaukar nauyin juna suna buƙatar haɗuwar jiki. Ya kuma nuna cewa ikilisiyar da ta horar da iyalai su yi sujada da kansu, ta kuma tanadi hanyar isa ga mai jin Hausa kaɗai ta rediyo ko saƙon murya, ita ce ta fi jure wa rufe ƙofa. Akwai buƙatar manazarta Hausa su tattara wa'azozi da waƙoƙin da aka naɗa a wancan lokaci kafin su ɓace daga wayoyin mutane, domin a cikinsu ne za a ga yadda harshen ya ɗauki nauyin bayyana annoba ta fuskar addini.