Hawan Dutsen Kenya Ta Hanyar Chogoria

Mun saba da zafin Afirka, amma a kan Dutsen Kenya, mai tsayin mita 5,199, ruwa yakan daskare da dare. Idan muka bi ta Chogoria, za mu fara da kurmi inda giwa da ɓauna suke kiwo, sannan mu ratsa dajin gora. Da itatuwa sun ƙare, sai ga tafkin Ellis. Can sama kuma tafkin Michaelson yana kwance cikin kwarin da ƙanƙara ta haƙa tun zamanin dā. A nan iskar shaƙa takan yi ƙaranci. Mai gaggawar hawa, ciwon kai da amai sukan kama shi. In abin ya tsananta, tilas a sauko da shi nan take.