Karatun Takardar Iskar Jini: Abin da Ya Kamata Ma'aikacin Jinya Ya Sani

A shekarar 1952 annobar shan inna ta afka wa Kofanhegan, babban birnin ƙasar Danmak, marasa lafiya suna ta mutuwa a asibitin Blegdam. Gwaji ya nuna bikabonet ya yi yawa a jininsu, likitoci suka ɗauka alkali ne ya rinjayi jinin. Sai likitan sa barci Bjørn Ibsen ya ce ba haka ba ne: numfashinsu ne ya gaza, iskar kabon dayoksaid ta taru. Poul Astrup ya auna pH na jinin, ya tarar da asid ne ya yi yawa. Aka shiga hura musu iska da hannu, ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa dare da rana, mace-macen suka ragu ƙwarai. Darasin yana nan har yau: lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba.

Ana ɗibar jinin gwajin iskar jini ne daga jijiya mai bugawa, galibi ta wuyan hannu, da sirinji mai heparin. A fitar da kumfar iska, a kai jinin ga na'ura da gaggawa, a danne wurin da aka huda na aƙalla minti 5, sannan a rubuta yawan oksijin da mara lafiya yake shaƙa a lokacin.

Jini yana son zama tsakanin pH 7.35 da 7.45. Gaɓoɓi biyu ne ke tsare wannan iyaka. Huhu yana fitar da kabon dayoksaid, wanda idan ya taru yakan zama asid; ma'auninsa, PaCO2, yana tsakanin 35 da 45 mmHg. Ƙoda kuwa tana riƙe bikabonet, wanda ke kashe kaifin asid kamar yadda kanwa ke kashe tsami a tukunya. Ma'auninsa 22 zuwa 26 mmol/L. Huhu yana kai ɗauki cikin mintuna, ƙoda sai ta ɗauki kwanaki.

Idan takardar sakamakon gwajin ta zo hannunka, fara da oksijin, domin rashinsa ya fi saurin kisa. Mai lafiya da ke shaƙar iskar ɗaki yana da PaO2, ma'aunin oksijin a jini, na 80 zuwa 100 mmHg. Idan ya faɗi ƙasa da 60, numfashi ya gaza. Daga nan ka dubi pH: ƙasa da 7.35 asid ya yi yawa, sama da 7.45 alkali ya rinjaya. Sai ka nemo mai laifin. Idan pH ya sauka PaCO2 ya hau, ko pH ya hau PaCO2 ya sauka, matsalar ta numfashi ce. Idan pH da bikabonet suka sauka tare ko suka hau tare, matsalar daga sarrafawar jiki ko ƙoda take. A ƙarshe ka duba ko ɗaya ɓangaren ya fara ramawa.

Ga misali. An kawo matashiya mai ciwon suga, ta bushe, tana jan numfashi mai zurfi ba ƙaƙƙautawa. Takarda ta nuna pH 7.18, PaCO2 22, bikabonet 8. Jini ya yi asid, bikabonet ya faɗi tare da pH, ke nan ba huhu ne ya jawo ba. Saukar PaCO2 alama ce ta huhu yana ƙoƙarin fitar da asid. Wannan shi ne numfashin da likitan Jamus Adolf Kussmaul ya bayyana a 1874. Abin da take bukata shi ne ƙarin ruwa da insulin tare da sa ido kan fotasiyam, ba maganin da zai kwantar da numfashin ba. Idan aka ga PaCO2 ɗinta ya fara hawa zuwa 40 alhali bikabonet bai motsa ba, kada a ce ta samu sauƙi. Gajiya ce ta kama ta, a kira likita nan take. Irin wannan numfashi mai zurfi a jikin yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani babbar alamar haɗari ce, haka ma ga mai kwalara da ya zubar da bikabonet ta gudawa.

Misali na biyu, dattijo mai daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin huhu: pH 7.36, PaCO2 60, bikabonet 33. Lambobin biyu sun wuce iyaka, amma pH yana daidai, domin ƙoda ta daɗe tana ramawa. Irinsa ana ba shi oksijin da awo, a tsayar da cikar oksijin a jininsa tsakanin kashi 88 zuwa 92 cikin ɗari, saboda yawansa kan ƙara tara masa kabon dayoksaid har barci mai nauyi ya ɗauke shi.

Alkali kuma yakan rinjaya ga mai yawan amai, ko wanda ake zuƙe masa ruwan ciki ta hanci, ko mai haki saboda tsoro ko zafin ciwo.

Ba kowane asibiti ke da na'urar wannan gwaji ba, amma kowane ma'aikacin jinya yana da ido da agogo. Ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, lura da zurfinsa, duba ko hankalin mara lafiya yana gushewa. Inda kuma takardar ta samu, a karanta ta bi da bi a gefen gado, a kwatanta ta da wadda ta gabace ta, kuma a sanar da likita duk canjin da aka gani ba tare da jinkiri ba.