Alƙalamin Fesa Fenti: Abin Da Mai Farawa Zai Duba Kafin Ya Saya

Idan kana yawan kallon bidiyon masu haɗa ƙananan motoci da jirage a YouTube ko TikTok, ka ga wata 'yar na'ura mai kama da biro da suke fesa fenti da ita, fentin ya kwanta sumul kamar daga kamfani ya fito. Turawa na kiranta airbrush, mu kuma bari mu ce mata alƙalamin fesa fenti. Ƙanwar bindigar fentin nan ce ta masu fentin mota a gareji, sai dai ita tana iya jan layi siriri kamar zare.

Amfaninta yana fitowa ne a kan ƙaramin abu. Ɗauki kwalekwale irin waɗanda ake tsere da su a bikin Rigata na Yauri. Idan tsawonsa mita 9 ne, ka sassaƙa kwatankwacinsa a ma'aunin 1:35, abin da zai fito bai kai santimita 26 ba. A kan abu irin wannan, sawun buroshi kaɗai ya isa ya ɓata aikin mako guda. Haka ɗalibin zanen gine-gine da ke haɗa samfurin gida da kwali, ko mai son yi wa marfin waya ado ya sayar.

Matsalar ita ce idan ka buɗe Jumia ko AliExpress, za ka ga iri-iri, kuma hotunansu duk kusan ɗaya ne. Nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Fara da kunama, wato maɓallin da yatsa ke dannawa. Akwai mai aiki ɗaya: ka danna, iska da fenti su fito tare, ba ka da ta cewa sai ka tsaya ka juya wani ƙusa. Akwai kuma mai aiki biyu: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, gwargwadon yadda ka ja. Wasu kan ce mai farawa ya ɗauki mai aiki ɗaya don sauƙi. Ni dai ban goyi bayan haka ba. 'Yan kwanaki kaɗan hannu zai saba da mai aiki biyu, kuma ba za ka sake sayen wani ba bayan wata uku.

Sai inda kofin fenti yake. Idan a sama yake, fentin na gangarowa da nauyinsa, don haka iska kaɗan ta isa, kuma ɗigo biyar ma za ka iya aiki da shi. Mai kwalba a ƙasa zuƙo fentin yake yi, yana son iska mai ƙarfi da fenti mai yawa. Wannan na masu rubutun allon talla ne. Kai ɗauki mai kofi a sama.

Girman baki shi ne inda 'yan koyo suka fi ruɗuwa. Za ka ga an rubuta milimita 0.2, 0.3, 0.35 ko 0.5. Mutum sai ya ɗauka mafi siriri shi ne mafi kyau, ya sayi 0.2, sannan ya wuni yana fama da toshewa. Siririn baki ba ya yafe fenti mai kauri ko kaɗan, ga allurarsa da saurin lanƙwasa. Tsakanin 0.3 da 0.5 ne wurin mai farawa. Neo CN na kamfanin Iwata na Japan 0.35 ne, Patriot 105 na Badger a Amurka kuma 0.5. Akwai kuma Ultra na Harder & Steenbeck daga Jamus. Duk da dala ake sayensu, ka san kuwa yadda canji yake. Marasa suna na Chaina suna aiki, amma kafin ka biya ka tabbatar akwai allura da baki na sauyi a cikin kwalin, domin ranar da allurar ta lanƙwashe babu shagon da za ka same ta a Yelwa, sai dai ka yi oda ka jira.

Yanzu injin iska, wanda sau da yawa ya fi alƙalamin kansa tsada. Yawancin aikin ƙananan samfura ana yin sa ne tsakanin PSI 15 zuwa 25. Injin da ake kira AS186 yana da tanki mai lita 3, da agogon daidaita ƙarfin iska, da 'yar kwalbar tarar ruwa. Tankin na sa iska ta fito bai ɗaya ba tare da rawa ba. Kwalbar nan kuwa kada ka raina ta. Iskar da aka matse tana fitar da raɓa, kuma a bakin tafkin Kainji, daga Ngaski har Shanga, damina na zuwa da laima mai yawa. Babu ita, kana tsakiyar fesawa sai ruwa ya tofo a kan aikin.

To ina batun wuta? Duk da madatsar Kainji na maƙwabtaka da mu tun 1968, kowa ya san ba a dogara da ita. Shi ya sa ƙananan injina masu batir, waɗanda ake caji da wayar USB a ɗaura su a gindin alƙalamin, ke jan hankali. Suna da arha, kuma sola ko fawa-banki ya ishe su. Sai dai ƙarfinsu na raguwa yayin da batir ke sauka, yawancinsu ba su da agogo, kuma suna ƙara wa hannu nauyi. Don koyo da marfin waya sun wadatar. Wanda ke nufin sana'a kuwa, ya tara kuɗin mai tanki.

Fenti mai ruwa, wato akirilik irin na Vallejo ko Tamiya, shi ya fi dacewa. A tsinka shi har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a fesa shafi biyu ko uku marasa kauri maimakon ɗaya mai nauyi. Fentin mai na gini da tinarsa suna iya cinye robobin da ke cikin alƙalami mai arha, ga wari mai hawa kai. Lokacin hunturu kuma fenti na bushewa a kan tsinin allura, don haka ajiye auduga mai danshi kusa kana gogewa, ka kife kwali a kan aikin saboda ƙura.

Ko da fentin mai ruwa ne, ka yi aiki inda iska ke ratsawa, ka sa takunkumi mai matata, domin na ƙyalle ba ya tare ƙurar fenti. Da ka gama, ka zuba ruwa a kofin ka fesa har ya fito fari tas, sannan ka zare allurar a hankali ka goge ta kafin fentin ya daskare a ciki.