Tsakar da ake saye da miliyoyi: launi a fili, gado a ɓoye

A gidajenmu, daga Maraɗi har Damagaram, in tsaka ta fito bisa bango ba mai yi mata maraba. Uwargida ta ɗauki tsintsiya, yara su ɗauki takalmi, a yi maza a rufe tulu da kwanon tuwo. To ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, ku gyara zama. Akwai ƙasashen da tsaka haja ce: ana kiwonta kamar yadda muke kiwon awaki, a kai ta kasuwa, a taya, a sallama. A Amurka an taɓa biyan dala dubu 10 wajen gwanjonta, kuma ba dalarmu ta Sefa biyar muke nufi ba, dalar Amurka, wato sama da miliyan biyar na kuɗinmu. Ba nama ake saye ba, ba fata ba. Launi ake saye. Wasu sun ci riba da launin nan, wasu kuma launin ya ci su, kuma lissafin da suke yi ya shafi garkenmu, har ma da ɗakunanmu.

Wannan tsaka ba irin tamu ta bango ba ce. Asalinta busassun wurare masu duwatsu na Pakistan da Afganistan da arewa maso yammacin Indiya da wani yanki na Iran. Jikinta rawaya ne da ɗigo-ɗigon baƙi, shi ya sa Turawa suka laƙaba mata sunan damisa. Tsawonta wajen santimita 20 zuwa 25. Tana da fatar ido, tana ƙiftawa, abin da tamu ba ta yi. Amma ba ta iya hawan bango mai santsi, a ƙasa take yawo. Wutsiyarta kakkaura ce, can take ajiye kitse, rumbunta ke nan. Gyare da tsutsa take ci, kuma a hannun mai kula tana kai shekara 15 har 20. Tana da ƴar uwa a nan Afirka ta Yamma, mai kaurin wutsiya ita ma, wadda fatake ke fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Amma ta Asiya ce ta cika kasuwa, har ana kai ta manyan kasuwannin dabbobi masu jan ciki irin na garin Hamm a Jamus.

Ta gama-gari araha gare ta. Kuɗin yana wurin wadda ta fito da launin da ba a saba gani ba, kuma kowane launi da hanyar da yake bi wurin gado.

Kowace halitta tana karɓar ƙwayar gado biyu a kan kowane hali, guda daga uba, guda daga uwa. Wani hali mai rinjaye ne, ƙwaya guda ta isa ya bayyana. Wani kuma mai laɓewa ne, ba ya fitowa sai ƙwayoyin biyu sun haɗu. Wannan ƙa'ida Gregor Mendel ne ya fito da ita a shekarar 1865, da ƴan wake da ya yi shekaru yana shukawa yana ƙirgawa a lambu.

Mu ɗauki zabiyar tsaka, wadda ba ta da baƙi a jiki, sai rawaya da ruwan hoda da ƙasa-ƙasa. Halinta mai laɓewa ne. In aka haɗa zabiya da wadda ba ta ɗauke da komai, ɗiyan duka za su fito kamar na daji, ba zabiya ko guda. Wanda bai san kan abin ba sai ya ce ya yi asara, ya karyar da su. Alhali kowane guda cikinsu yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye. In aka haɗa biyu daga cikin irin waɗannan masu ɗauke, to kowane ƙwai yana da rabo guda cikin huɗu na zama zabiya, biyu cikin huɗu na zama mai ɗauke, guda cikin huɗu na fita babu komai. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A nan ɗan yana iya yin rarrafen, jika ne zai zo ya yi gudun.

Ku lura, mun ce kowane ƙwai. Lissafin ba alkawari ba ne. Macen tsakar nan ƙwai biyu take yi a lokaci guda, sau da dama cikin shekara, kuma ana iya fasa ƙwai takwas ba a ga zabiya ba, wani kuma ya samu biyu a jere tun farko. Sa'an nan ga inda cinikin biri a sama yake shigowa. Cikin ɗiyan da suka fito da kamannin daji, biyu cikin uku ne masu ɗauke, kuma ido ba ya bambanta su. Mai gaskiya cikin masu kiwo yana rubuta wa mai saye cewa kashi 66 cikin 100 ne ake zaton tana ɗauke, ya rage kuɗi daidai da haka. Marar gaskiya ya ce tabbas ne. Mai saye ba zai gane ba sai ya yi shekara yana ciyarwa, ta girma, ta yi ƙwai, ya ga abin da ya fito. Kafin nan mai sayarwa ya daɗe da tashi daga rumfa.

Bari mu ɗan ratse, don abin ya taɓa mu. Wannan lissafi na guda cikin huɗu shi ne na ciwon emasi, amosanin jini, in mai AS ya auri mai AS. Shi ne kuma na ɗan Adam zabiya da ake haifa tsakanin uwa da uba baƙaƙe. Sau nawa muka ji an ɗora wa mace laifi, dangin miji suna gunaguni, wai a gidansu ba a taɓa yin haka ba? Ƙwaya biyu ake buƙata, guda daga wurinta, guda daga wurinshi. Masu kiwon tsaka sun san wannan kamar yunwar cikinsu, don aljihunsu ya dogara da shi.

Mu koma kasuwa. Zabiyar tsaka ba iri guda ba ce, iri uku ce, kowace da sunan wanda ya fara fito da ita a Amurka: ta Ron Tremper a 1996, ta Tim Rainwater a 1998, sai ta Mark Bell da ta biyo baya. A ido sun yi kama ƙwarai. Gwanaye suna duba ƙwayar ido da hasken jiki su yi hasashe, amma su ma suna kuskure. Abin mamaki, in ka haɗa zabiyar Tremper da zabiyar Bell, ba ka samun zabiya ko guda, ɗiyan duka kamar na daji suke fitowa. Dalili shi ne ɓacin ba wuri guda yake ba: abin da uwa ta rasa uba yana da shi, abin da uba ya rasa uwa tana da shi. Masu kiwo na ƙin wannan haɗi ƙwarai, don in jikoki suka fito zabiya ba mai iya rantsuwa ko wace iri ce, kuma hajar da ba a san asalinta ba ba ta da farashi.

Akwai hali na tsaka-tsaki, wanda suke kira Mack Snow. Mai ƙwaya guda tana fashewa da zanen fari da baƙi maimakon rawaya da baƙi. Mai ƙwaya biyu kuwa wata aba ce daban, fara mai ƙananan ɗigon baƙi jere-jere, idanu baƙi ƙirin. Nan aƙalla ana ganin abin da ake saye, sai dai mai ƙwaya guda sau da yawa tana yin rawaya in ta girma, har ta saje da na gama-gari.

Sai launin da ba ƙwaya guda ke riƙe da shi ba, ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Mai ruwan lemu, wadda suke kira Tangerine, haka take. Baƙar da ake kira Black Night, wadda aka fito da ita a Holand bayan shekaru da dama ana zaɓe, ita ma haka. Nan babu guda cikin huɗu. Sai dai a ɗauki mafi kyau a haɗa da mafi kyau, shekara bayan shekara, kuma da an shigo da baƙon jini launin ya dushe. Matan Maraɗi da Tasawa ba sai an yi masu dogon bayani ba. Jar akuyar da duniya ta san mu da ita, wadda tun shekarun 1960 aka buɗe mata cibiyar kiwo a Maraɗi, da zaɓen bunsuru ake riƙe jarta da kyan fatarta. A saki garke ga kowane bunsuru na unguwa, cikin ƴan haihuwa sai a ga rodi-rodi. Haɗa jini na kusa kuma, don a riƙe launi, yana da tashi illa: a tsaka yana kawo ƙananan ɗiya marasa ƙwari da raguwar haihuwa.

Gane launi ma aiki ne. Jaririyar tsaka da faffaɗan zane a gicce take fitowa, sai tana girma zanen ya warwatse ya koma ɗigo, saboda haka wadda ka gani tana da sati biyu ba ita za ka gani ba tana da shekara. In ta kusa saɓa, jikinta yana yin fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Zafin da ƙwai ya samu shi ma yana taɓa launi: wadda aka fasa a wuri mai ɗumi ta fi haske, ta wuri mai sanyi ta fi duhu, kuma wannan haske ba ya bin gado. Zafin ne ma yake yanke namiji ko mace. Wajen digiri 26 zuwa 27 mata ne suka fi yawa, wajen digiri 32 maza. Hoton intanet kuwa, kun san halinshi; atamfar da aka ɗauka ƙarƙashin fitila ba ita ce ta rana ba. Shi ya sa babban jarin mai kiwon kirki littafinshi ne: wace uwa, wane uba, wace rana aka yi ƙwai, a wane zafi, me ya fito. A ganinmu, wanda ya sayar maka da tsaka mai tsada ba tare da wannan tarihi ba, rabin kaya ya ba ka.

Inda abin ya fi ɗaci shi ne launin da ke zuwa da ciwo a goye. A 2006 aka fito da wata mai suna Enigma, mai zane warwatse da farar wutsiya, kuma halinta mai rinjaye ne, rabin ɗiyanta suna gado. Kasuwa ta yi rububi. Daga baya aka ga da yawa cikinsu suna karkatar da kai, suna zagaye wuri guda, suna kai wa gyare cafka su kuskure, wasu har su riƙa birkicewa. Ciwon jijiyoyin kai ne, kuma tare da launin yake tafiya. Wata ba ta nuna komai sai an canza mata wuri ko ta fara ƙwai, wato bayan kuɗi sun canza hannu.

Ta dala dubu 10 da muka fara da ita ita ce Lemon Frost, mai farin jiki da rawaya mai ɗaukar ido. Wani mai kiwo a jihar Kalifoniya, Steve Sykes, shi ya saya, ya yi ta haɗawa har ya tara ɗaruruwan ɗiya da jikoki. Sai ya fara ganin fararen ƙulluttai a fatarsu. Kyan ɗan maciji ke nan. Masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Longhua Guo da Leonid Kruglyak, sun bi zuriyar, kuma a 2021 suka bayyana abin da suka gano: sama da kashi 80 cikin 100 na masu wannan launi suna yin ƙari. Ƙwayoyin fata masu mayar da haske ne suke yawaita fiye da kima. Su ne suke ba da farin da ake biya wa kuɗi, su ne kuma suke zama ƙarin, saboda haka ba yadda za a tace kyan a zubar da ciwon. Mai ƙwaya biyu ta fi mai guda shan wahala. Sun danganta abin da wata ƙwayar gado mai suna SPINT1, wadda a jikin ɗan Adam ma an san tana da alaƙa da sankarar fata, abin da ya sa likitoci suka kasa kunne.

Sykes ya daina kiwon irin don sayarwa, ya bar su a hannun masu bincike. Amma kafin nan wasu masu kiwo sun riga sun mallaki nasu, kuma har yanzu ana cin karo da Lemon Frost a tallan intanet, wani lokaci an gauraya ta da wasu launuka an ba ta wani dogon suna, ta yadda sabon mai saye ba zai gane abin da ke cikin jininta ba sai ƙulluttan sun fara fitowa.