A Kafa Dutsen Tarihi a Bakin Kogin Zhujiang

Dattawa da 'yan kasuwa, ga shawara.

A tsohon garin Guangzhou akwai masallacin Huaisheng, hasumiyarsa ta kai mita 36. A dā tana bakin kogin Zhujiang, ita ke nuna wa jiragen Larabawa da Farisawa hanya. Yau kogi ya janye, benaye sun kewaye ta, amma baƙi na zuwa takanas su gani. Watau fataken farko sun bar alama.

Mu fa? Tun bayan 1997 mutanenmu ke sauka Titin Guangyuan na Yamma, suna ɗaure dila zuwa Kano da Kumasi. Bayan annobar 2020 da yawa sun tafi, ko suna ba su bari ba.

To, ƙungiya ta roƙi hukumar gari taki kaɗan a bakin kogi, a kafa dutse. Ba mutum-mutumi ba, wannan ba namu ba ne. Rubutu kawai, da Sinanci da Larabci da ajami: su wa suka zo, yaushe, da wace haja. Mai ziyarar masallaci sai ya ƙarasa can.

Alhazai su yi karo-karo, amma a fara kai takarda, gama ƙasa ta hukuma ce, ba a aza tubali sai da izini.