Kafin Ka Sayi Sabon Famfo, Duba Wuta

A shekarar 1975, lokacin da aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua, akori-kurar Fijo 404 ce ke kwasar hatsi da auduga, giyarta kuwa ta hannu ce. Yau motoci da yawa da ke zirga-zirga tsakanin Matazu da Malumfashi masu canja giya da kansu ne. Irin wannan giya da ƙarfin mai take aiki.

Babban famfon man giya inji ne ke juya shi. Amma waɗansu motocin zamani sukan kashe inji da kansu idan an tsaya, don tsimin fetur. Saboda haka aka ƙara musu ƙaramin famfo mai aiki da batir, domin ya riƙe ƙarfin mai har inji ya sāke tashi. Idan ya ƙi aiki, mota takan yi fizga wajen tashi, ko fitilar gargaɗi ta kama. In aka ƙyale, giya ta ci kanta.

Sau da yawa famfon lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isa gare shi. Kafin ka sayar da buhunan masara ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, sa mai gyaran wutar mota ya bi waɗannan matakai:

1. Batir. A auna da mita. Cikakken batir yakan nuna volt 12.6 idan inji na kashe, wajen 14 kuwa idan yana aiki. A kankare farin gishirin da ke kan batir, a ɗaure tam.

2. Fiyus. Idan ya ƙone, a sa mai lamba daidai da shi. Kada a ɗaura masa waya. In sabon ya sāke ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe.

3. Rile, in motar tana da shi. A musanya shi da wani irinsa a gani.

4. Wayoyi da soket. Laka da ruwan damina sukan kawo tsatsa. Da kaka kuma ɓeraye sukan gaigaye wayar motar da ke kwana kusa da rumbu.

5. Wayar da ke kama jikin mota. In ta saki, wuta ba ta da hanyar komawa.

Sai duk waɗannan sun yi daidai za a zargi famfon kansa. A nan sai a nemi mai na'urar karanta kwamfutar mota, gama ita ce ke ba famfon umurni. Kada a jona shi da batir kai tsaye.

Abin lura: idan motar mai haɗa fetur da babban batir ce, kada kowa ya taɓa wayoyi masu launin ruwan lemo. Wutarsu tana kisa.

Ɗan'uwa direba, kuɗin fiyus bai kai na mudun gero ba, amma giya sai a sayar da sa.